Yadda ake aron ƙwaƙwalwar wata kwamfuta ta rezo idan ta gida ta cika

A ɗakunan kwamfuta na Yamai, ko na jami'a a ƙetaren gada ko na ma'aikatun da ke aiki da bayanan damina da hotunan tauraron ɗan'adam, akwai abin da ake yawan gani. Injuna huɗu ko biyar a jere, ɗaya ya shaƙe har linzami ba ya motsi, sauran kuwa suna zaune da rabin ƙwaƙwalwarsu ba abin da take yi. Mai aikin sai ya ce inji ya tsufa, a nemi kuɗi a sayo sabo. Sau da yawa injin lafiyarsa lau. Aikin ne ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu gyara ke kira RAM, sai Linux ya shiga kwashe shafuka yana zubawa a faifai yana ɗaukowa, lissafin awa ɗaya ya koma na wuni.

Ana iya sa injin da ya shaƙe ya riƙa zuba shafukan nan cikin ƙwaƙwalwar injin da ke kusa da shi, ta waya mai sauri, maimakon faifai. Shi zan nuna a nan daki-daki, da kayan da ke cikin Linux tun asali, a kan Debian ko Ubuntu. Sharuɗɗa biyu ne ke riƙe da abin gaba ɗaya: rezon, wato hanyar da ke haɗa injunan, ya fi faifanka sauri da gaske, kuma ka shirya wa ranar da injin da ya ba da aron zai mutu ba sallama. A garin da kuran ke ɗaukewa a tsakiyar zafin Afrilu, sharaɗi na biyu ya fi na farko nauyi, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Lissafin da ya sa ake yin abin

Linux yana yanka ƙwaƙwalwa zuwa shafuka, kowane shafi bayit 4096 a kan injunan Intel da AMD. Idan wuri ya ƙare, sai ya zaɓi shafukan da aka daɗe ba a taɓa ba ya kai su ma'ajiyar da ake kira suwaf. Duk sa'ad da manhaja ta nemi ɗaya daga cikinsu, tsayawa take cak har a ɗauko shi. Tsawon wannan tsayuwar shi ne duk maganar.

Milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan, mikrosakan cikin miliyan, nanosakan cikin biliyan. Karanta abu daga RAM yana ɗaukar kimanin nanosakan 100. Faifai mai juyawa sau 7200 a minti yana buƙatar sama da milisakan 8 kafin ya zagaya sau ɗaya, ga kuma tafiyar allurarsa, don haka ɗauko shafi ɗaya daga wurin da ba a jere yake ba ya kan kai milisakan 10. Shafuka ɗari ke nan a sakan, kusan sau dubu ɗari ƙasa da saurin RAM. Faifan SSD, wanda ba ya juyawa, ya sauko da abin zuwa kusan mikrosakan 100, mai kyau na nau'in NVMe ƙasa da haka.

Rezo fa? Shafi ɗaya bit 32768 ne. A wayar gigabit 1, zuba shi a kan waya kaɗai mikrosakan 33 ne, kafin a ƙara zuwa da dawowa da aikin TCP, tsarin da injuna ke bi wajen aika wa juna saƙo, a ɓangarorin biyu, wanda ke kai jimillar zuwa ɗari da wani abu ko fiye. A gigabit 10 zubawar ta koma mikrosakan 3 da ɗoriya. Idan kuma katunan suna da RDMA, wato kati ya rubuta kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar wancan inji ba tare da ya bi ta doguwar hanyar TCP ba, shafi na iya zuwa cikin ƴan mikrosakan.

Dabarar ta girmi yawancin ɗaliban da za su karanta wannan. Masu bincike Douglas Comer da James Griffioen sun gabatar da ita a 1990. A 1996 Evangelos Markatos da George Dramitinos, a tsibirin Kirit na ƙasar Girka, suka yi aiki a kan yadda za a tsira idan mai ba da aro ya faɗi. A 2005 masu bincike na jami'ar jihar Ohio ta Amurka suka gwada ta a kan InfiniBand, wani irin rezo mai tsananin sauri, a 2017 kuma jami'ar Michigan ta fitar da Infiniswap. Waɗannan manhajojin bincike an rubuta su ne don tsofaffin zubin Linux, kuma ba na ba kowa shawarar ya ɗora aikin ma'aikata a kansu. Abin da ke tafe ya dogara ne da kayan da ake kula da su kullum.

Mataki na 1: tabbatar da cutar kafin a sayi magani

Ka shiga da ikon shugaba ta `sudo -i`, ka saki aikin da ke shaƙe injin, ka buɗe wata taga ka rubuta:

`free -h`
`vmstat 1`
`cat /proc/pressure/memory`

A umarni na biyu ka zuba ido ga ginshiƙai biyu, `si` da `so`. Na farko abin da ake ɗaukowa daga suwaf ne a kowane sakan, na biyu abin da ake kaiwa. Na uku, wanda ya shigo tun Linux 4.20, yana gaya maka kashi nawa cikin ɗari na lokaci ayyuka suka ɓata suna jiran ƙwaƙwalwa. Idan duka suna kusa da sifiri alhali injin na jan ƙafa, matsalarka tana wani wuri, ka ajiye wannan rubutu.

Idan `so` ya tashi na ɗan lokaci ya kwanta, `si` kuma yana ƙasa-ƙasa, kana da sa'a: aikin yana da bayanai masu yawa amma kaɗan yake juyawa a lokaci guda. Irin wannan ne aro ke yi wa magani, kamar mai haɗa hotunan tauraron ɗan'adam na damina da yawa yana bin su ɗaya bayan ɗaya, ko mai jujjuya babban teburin ƙidaya da manhajar R. Idan kuwa `si` da `so` duka suna sama ba hutu, aikin yana taɓa kusan komai a kowane lokaci. Tun 1968 Peter Denning ya bayyana wannan hali: muddin shafukan da aiki ke juyawa a yanzu sun fi RAM yawa, inji zai ƙare lokacinsa a kai-kawo. Rezo mai sauri zai rage zafin, amma shafin da ya zo cikin mikrosakan 10 har yanzu ya fi na RAM jinkiri sau ɗari. Manhajojin Java masu babbar ƙwaƙwalwa sukan faɗa wannan rukuni, saboda mai sharar cikinsu yana bin ko'ina yana tayar da shafukan da suka kwanta.

Ka kuma buɗe injin ka duba. Idan akwai gurbin sandar RAM da babu komai a ciki, cika shi ya fi duk abin da zan faɗa a ƙasa. Aro na wanda gurabensa suka cika ne, ko wanda buƙatarsa ta mako biyu ce a shekara.

Mataki na 2: matse shafukan a gida tukuna

`echo 1 > /sys/module/zswap/parameters/enabled`

Wannan yana sa Linux ya matse shafi ya riƙe shi a wani lungu na RAM kafin ya tura shi waje, kuma a tsarin asali lungun ba ya wuce kashi 20 cikin ɗari. Yana buƙatar akwai wata ma'ajiyar suwaf a bayansa, ko ta faifai ce. Na fi son sa a kan zram, wata dabarar matse shafuka a RAM, a wannan aikin, domin idan ya cika yana tura tsofaffin shafuka gaba, ya bar wuri ga sababbi. Ka sake gwada aikin. Wani lokaci nan maganar ke ƙarewa.

Mataki na 3: waya da katuna

Idan rezon ɗakinku na gigabit 1 ne kuma injin yana karɓar SSD, ka sayi SSD. Daga lissafin da ke sama, aro ta wannan waya zai doke faifai mai juyawa nesa ba kusa ba, amma da wuya ya doke NVMe na gida. Ribarsa ɗaya ita ce RAM ba ta cinyewa da yawan rubutu kamar SSD.

Abin yana fara daɗi daga gigabit 10. Tsofaffin katunan Mellanox ConnectX-3, kamfanin da NVIDIA ta kammala saye a 2020, suna kai gigabit 40, kuma Linux ya san su ba sai an sa wani abu ba. Suna son gurbin PCIe mai layi 8. Idan injuna biyu ne ba ka buƙatar suwic: wayar tagulla ta DAC mai mita biyu ko uku daga wannan kati zuwa wancan ta wadatar. Da katuna masu baki biyu, injuna uku za su iya haɗuwa kowane da kowane. Wannan ya rage kuɗi, ya kuma rage na'ura ɗaya da za ta iya mutuwa a tsakani.

A kula da zafi. An ƙera katunan nan don akwatunan saba masu iska mai ƙarfi daga gaba zuwa baya, yawancinsu ba su da fanka tasu. A cikin akwatin kwamfutar tebur, a ɗakin da kilim ya tsaya, a watan da Yamai ke wuce digiri 40, katin zai gasu. Ka ɗaura ƙaramar fanka tana hura masa kai tsaye, kuma bayan hunturu a buɗe a busa ƙurar da ta toshe haƙoran ƙarfensa.

Wayar nan ta aro ce kaɗai, kada intanet ko kwafe-kwafen fayil su bi ta kanta. Ba mai aro lamba 10.10.0.1, mai bayarwa 10.10.0.2. Sunan katin ka same shi da `ip link`, a nan na ɗauka `enp3s0` ne:

`ip addr add 10.10.0.1/24 dev enp3s0`
`ip link set enp3s0 mtu 9000 up`
`apt install rdma-core ibverbs-utils perftest iperf3 nvme-cli fio mdadm`

Ka yi makamancinsa a ɗaya injin. `ibv_devinfo` zai nuna ko bakin katin ya tashi. Idan katunan suna magana da harshen InfiniBand ne, dole ɗaya daga cikin injunan ya kunna `opensm`, ko da su biyu ne kawai, in ba haka ba bakin zai tsaya a rabin hanya. Idan Ethernet ne, RDMA ɗin sunansa RoCE. ConnectX-3 na gama-gari zubi na farko kaɗai ya iya, wanda ba ya tsallake rauta, sai mai lakabin Pro ne ya iya na biyu. A waya kai tsaye wannan ba damuwa ba ce.

Auna kafin ka ci gaba. A mai bayarwa `ib_read_lat -s 4096`, a mai aro `ib_read_lat -s 4096 10.10.0.2`. Ƴan mikrosakan ya kamata ka gani. Ka rubuta lambar a takarda.

Mataki na 4: ware ƙwaƙwalwar a injin mai bayarwa

A ce mai bayarwa yana da giga 64, kuma ka lura da shi tsawon mako bai taɓa wuce 30 ba. Ka ba da 16, kada kwaɗayi ya sa ka kwashe duk rarar.

`modprobe brd rd_nr=1 rd_size=16777216`
`dd if=/dev/zero of=/dev/ram0 bs=1M count=16384 oflag=direct`

Layi na farko ya ƙirƙiri faifan ƙarya mai suna `/dev/ram0` a cikin RAM, girman kuma da kilobayit ake faɗarsa. Layi na biyu shi mutane ke tsallakewa. Faifan nan ba ya karɓar ƙwaƙwalwa sai an rubuta masa abu, don haka idan ba ka cika shi da sifiri tun yanzu ba, alkawari kawai ka yi. Wani zai zo ya saki babban aiki a injin ya cinye wurin, ranar da mai aro ya turo shafukansa injuna biyu su shaƙe tare. Da ka cika shi, `free -h` zai nuna giga 16 sun fita daga lissafi, kuma Linux ba ya kai waɗannan shafuka suwaf.

Idan kuna raba wa injuna ayyuka da manhajar Slurm, a rage `RealMemory` na wannan inji da adadin da aka bayar.

Mataki na 5: miƙa shi ta waya

Hanya biyu ce. Mai katin RDMA ya bi ta NVMe a kan rezo, wadda ta shigo Linux 4.8 a 2016. A mai bayarwa:

`modprobe nvmet-rdma`
`cd /sys/kernel/config/nvmet`
`mkdir subsystems/aro`
`echo 1 > subsystems/aro/attr_allow_any_host`
`mkdir subsystems/aro/namespaces/1`
`echo -n /dev/ram0 > subsystems/aro/namespaces/1/device_path`
`echo 1 > subsystems/aro/namespaces/1/enable`
`mkdir ports/1`
`echo rdma > ports/1/addr_trtype`
`echo ipv4 > ports/1/addr_adrfam`
`echo 10.10.0.2 > ports/1/addr_traddr`
`echo 4420 > ports/1/addr_trsvcid`
`ln -s /sys/kernel/config/nvmet/subsystems/aro ports/1/subsystems/aro`

Layi na huɗu ya buɗe ƙofa ga duk wanda ke kan wayar. A waya kai tsaye tsakanin injuna biyu ba laifi. Idan akwai suwic da wasu injuna a kai, a rufe shi a lissafa waɗanda aka yarda da su, domin injuna biyu da ke rubutu a faifan aro ɗaya za su lalata wa juna shafuka. Kowane mai aro da nasa faifan.

A mai aro:

`modprobe nvme-rdma`
`nvme connect -t rdma -a 10.10.0.2 -s 4420 -n aro --ctrl-loss-tmo=10`
`nvme list`

Sabon faifai mai giga 16 zai bayyana, a ce `/dev/nvme1n1`. Ka karanta jerin sau biyu. Faifan da tsarinka ke kai yana iya zama `nvme0n1`, harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma wasu umarnin da ke gaba ba sa tambaya kafin su goge. Lambar 10 ta ƙarshe za mu koma kanta.

Wanda ba shi da RDMA, sai Ethernet mai gigabit 10 kawai, ya bi ta NBD, hanyar miƙa faifai ta rezo a kan TCP. A mai bayarwa, bayan `apt install nbdkit`:

`nbdkit -i 10.10.0.2 file /dev/ram0`

A mai aro, bayan `apt install nbd-client`:

`modprobe nbd`
`nbd-client -N aro 10.10.0.2 /dev/nbd0 -swap -timeout 10`

Kalmar `-swap` tana da dalili. Kafin Linux ya tura shafi ta TCP yana buƙatar ɗan wuri a ƙwaƙwalwa don shirya saƙon, alhali rashin wurin ne ya sa yake son tura shafin. Da can injuna kan sandare a wannan kulli, har aka gyara shi a Linux 3.6 a 2012. Kalmar tana kulle manhajar haɗin a cikin RAM don kada ita ma a kai ta suwaf, tana kuma kare ta daga mai kashe ayyuka idan wuri ya ƙure.

Ko wace hanya ka bi, auna faifan kafin ka ɗora masa komai (mai NBD ya sa `/dev/nbd0` a madadin `/dev/nvme1n1`, a nan da gaba):

`fio --name=gwaji --filename=/dev/nvme1n1 --rw=randread --bs=4k --iodepth=1 --direct=1 --runtime=30 --time_based`

Sa'an nan ka yi gwajin a kan SSD na gida ka kwatanta. Kada ka tsaya ga matsakaicin jinkiri, ka dubi layin kashi 99 cikin ɗari, can ne tuntuɓen rezo ke fitowa. Idan na aro bai fi na gida sauri ba, ka cire haɗin ka yi suwaf a SSD.

Mataki na 6: ranar da mai bayarwa ya mutu

Wanda ya zuba hatsinsa a rumbun maƙwabci, gobarar gidan maƙwabci tasa ce. Shafin da aka kai suwaf ba shi da kwafi a ko'ina. Idan mai bayarwa ya mutu, duk manhajar da ta nemi shafinta za ta tsaya jira, daga baya Linux ya kashe ta, kuma ba aikinka kaɗai ke da shafuka a can ba. Manhajojin da ke riƙe da tsarin kansa suna iya kasancewa ciki. Injin yana da wuta, fankarsa na juyawa, amma ba ya amsa kowa.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Kuran ya ɗauke, mai bayarwa ya mutu, gurup, wato janareta, ya tashi, injin ya dawo ya sake ƙirƙirar `/dev/ram0` cike da sifiri, mai aro ya sake haɗuwa da shi kamar ba abin da ya faru. Yanzu abin da yake ɗaukowa sifiri ne a madadin bayanansa, kuma lissafin zai iya ci gaba ya fitar da sakamakon ƙarya wanda ba wanda zai gane. Saboda haka kada ka sa `-persist` a NBD, kada ka sa mai bayarwa ya buɗe ƙofar aro da kansa idan ya tashi, kuma shi ya sa muka rage jiran NVMe zuwa sakan 10. A tsarin asali sakan 600 yake yi yana ƙoƙarin sake haɗuwa, minti goma cur, wanda ya ishi inji ya mutu ya dawo.

Maganin shi ne kowane shafi ya kwana wuri biyu. Ka ware yanki mai giga 16 a SSD na gida, a ce `/dev/sda4`, ka haɗa su:

`mdadm --create /dev/md0 --level=1 --raid-devices=2 --assume-clean --bitmap=none /dev/nvme1n1 --write-mostly /dev/sda4`

Za a riƙa rubuta shafi a duka biyun, amma karatu daga na aro zai riƙa fitowa, sai in ya faɗi a koma ga SSD. Wani zai ce to ina ribar, tun da rubutu zai jira SSD? Ribar tana wajen karatu. Fitar da shafuka galibi a bayan fage ake yin sa, kafin wuri ya ƙare, manhaja na ci gaba da aikinta. Ɗaukowa ne ke tsayar da ita. Infiniswap ma a kan wannan tunani aka gina shi: shafi ya tafi ƙwaƙwalwar nesa, kwafi ya bi zuwa faifan gida. Abin da ka rasa shi ne hutun SSD daga rubutu. Mai injuna uku zai iya haɗa masu bayarwa biyu a madadin SSD, ya sami saurin duka biyun, da sharaɗin kada su kasance a kan ondilar ɗaya, wato na'urar batir da ke riƙe inji idan wuta ta ɗauke.

Batun ondilar yana da ƙa'ida mai sauƙi: mai bayarwa da duk abin da ke tsakani, har suwic in akwai, su fi mai aro daɗewa a raye. Idan duka suka mutu tare, aikin da ke gudana ne kawai ya tafi, kamar kowace ɗaukewar wuta. Ɓarnar tana zuwa ne idan mai bayarwa ya riga faɗuwa. Don haka ondilar mai sabon batir ta tafi wurinsa. Batiran nan zafi na cin su da sauri, wanda ya riƙe minti ashirin bara ba lallai ya riƙe biyar bana ba, sai a gwada su da agogo kafin bazara ta shigo. Manhajar NUT tana iya karanta halin ondilar ta kashe injuna bi da bi, mai aro a gaba.

Da mai bayarwa ya dawo, ka maimaita mataki na 4 da na 5 da hannunka, ka duba sunan da faifan ya samu a wannan karon, ka mayar da shi:

`mdadm /dev/md0 --add /dev/nvme1n1`
`cat /proc/mdstat`

Mataki na 7: rufe asirin shafukan, sa'an nan a kunna

Abin da ke cikin shafukan suwaf shi ne abin da ke cikin manhajoji: kalmomin sirri, sunayen marasa lafiya, makin ɗalibai. A fili suke tafiya a waya, a fili suke zaune a injin wani. Idan bayanan na mutane ne, ka lulluɓe su da mabuɗin da ake ƙirƙira sabo a kowane tashi:

`cryptsetup open --type plain --key-file /dev/urandom /dev/md0 suwaf`
`mkswap /dev/mapper/suwaf`
`swapon -p 50 /dev/mapper/suwaf`
`swapon --show`

Lulluɓin yana ƙara ɗan jinkiri, kaɗan ne a injunan da ke da tsarin lulluɓi na AES a cikin masarrafarsu. Lambar 50 matsayi ce: Linux yana fara cika ma'ajiya mai babbar lamba. Tsohuwar suwaf ta faifai a bar ta da ƙaramin matsayinta, ta zama wurin malala idan aro ya cika.

Mataki na 8: daidaita hannun Linux

Maɓallai huɗu ne suka cancanci taɓawa, kuma ɗaya bayan ɗaya, ana aunawa a tsakani.

`sysctl vm.swappiness=120`
`sysctl vm.page-cluster=0`
`sysctl vm.watermark_scale_factor=200`
`sysctl vm.min_free_kbytes=262144`

Na farko asalinsa 60 ne, kuma tun Linux 5.8 yana kai wa 200. Wuce 100 yana nufin ka gaya wa Linux cewa suwaf ta fi faifan fayiloli sauri, wanda yanzu gaskiya ne. Na biyu asalinsa 3, ma'ana duk shafin da aka nema a ɗauko har 8 tare da shi. An yi haka ne don faifai mai juyawa, inda tafiyar allura ce mai tsada. Aikin da ke tsalle-tsalle cikin bayanai ya fi son sifiri, mai bin su a jere kuwa, kamar mai karanta hoto layi-layi, a bar masa 3. Na uku yana sa a fara fitar da shafuka da wuri, tun kafin manhaja ta zo ta tarar babu wuri. Na huɗu ya keɓe mega 256 don saƙonnin rezo su sami inda za su tsaya a lokacin ƙunci. Waɗanda suka yi amfani a rubuta su cikin fayil a `/etc/sysctl.d/`.

Mataki na 9: gwaji na gaskiya

Ka ɗauki aikin da ka san yana cin, a ce, giga 12, wanda injin ke iya ɗauka ba suwaf. Ka auna lokacinsa haka nan. Sa'an nan ka ƙuntata masa da gangan:

`systemd-run --scope -p MemoryMax=9G time ./aikina`

Ka maimaita da 6G. Yanzu kana da lambobi uku: cikakkiyar RAM, kashi uku cikin huɗu, da rabi. Su ne za su gaya maka iyakar abin da aikinku zai jure, kuma da su za ka je wurin mai sa hannu a kan kuɗi idan ta bayyana sayen RAM ne mafita.

Gwaji na ƙarshe a yi shi da rana, kowa na nan, kafin a ɗora aikin da ake ji da shi. Aiki na gudana, `vmstat` na nuna shafuka na kai-kawo, ka zare wayar DAC. Injin zai ɗan sandare, sa'an nan `/proc/mdstat` ya nuna ƙafa ɗaya ta faɗi, aikin ya ci gaba a kan SSD a hankali. Idan minti biyu suka wuce bai farfaɗo ba, lokutan jira na mataki na 5 ba su kama ba, a koma a gyara su a sake zarewa.

Wajen kashewa kuma akwai jeri, daga sama zuwa ƙasa, duk a mai aro:

`swapoff /dev/mapper/suwaf`
`cryptsetup close suwaf`
`mdadm --stop /dev/md0`
`nvme disconnect -n aro`

Mai NBD ya sa `nbd-client -d /dev/nbd0` a layi na ƙarshe. Umarni na farko yana dawo da duk shafukan cikin RAM, don haka sai an rufe babban aikin tukuna, in ba haka ba babu inda za su sauka. Bayan layi na huɗu ne kawai ake taɓa mai bayarwa. Ka buga jerin nan a takarda da Hausa da Faransanci, ka manna a jikin akwatinsa kusa da maɓallin kashewa, da lambar wayar wanda za a kira, saboda mai gadi ko ɗalibin da zai zo rufe ɗaki da dare ya ga inji ba kowa a gabansa.